Yaron da ya sandare a kan sirdi

Ka tambaye ni yadda za ka yi da yaran da ake kawo mana koyon hawa gabanin sallah, waɗanda da zarar sun ji su a kan sirdi sai jiki ya sandare, su ƙanƙame linzami. Ka ce kana ta faɗa musu kada su ji tsoro, abin sai ƙaruwa yake yi. To, ɗana, ka bar faɗin haka. Yaro bai san yadda zai cire tsoro don an ce ya cire ba. Aiki za ka ba shi wanda zai ɗauke masa hankali.

Dabbar da ke jin saukar ƙuda a fatarta ba za ta kasa jin cinyar da ta matse ta ba. Mai tsoro yana riƙe numfashi, ya matse ƙafa, ya ja linzami. Matsa ƙafa a wurin doki "tafi" ne, jan linzami kuwa "tsaya". Ka ga an ba shi umarni biyu masu karo da juna, ga linzaminmu na gargajiya da ƙarfe mai cin baki. Sai ya fara kaɗa kai yana ja da baya, yaro ya ƙara firgita. Saboda haka a kwanakin farko kada ka ba shi linzami sam. Kai ka riƙe ragama, shi ya dafa gaban sirdi.

Wasan da na fi yarda da shi kacici-kacici ne. Kana jan doki a hankali, ka ce masa "ƙulun ƙulufita", ya ce "gauta", ka jefa wata, shi ma ya jefo maka tasa. Wanda ke magana dole ya yi numfashi, in numfashi ya sauka kafaɗa da ƙugu su saki, doki kuma nan take yake ji. Manya, irin angwayen da ke son hawan angwanci ba su taɓa sa ƙafa a likkafa ba, kunya ba ta barin su yin wannan. Su sai ka sa su ƙirga takun doki da ƙarfi: a taku na 10 a tsaya, sannan a na 7, sannan a na 4. Da mutum ya ga ya ce tsaya an tsaya, rabin tsoron ya tafi.

Bayan nan sai wasan taɓawa, doki na tsaye. Taɓa geza, taɓa gwiwarka, taɓa bayan sirdi, ɗora hannu a ka. Yaro zai saki hannu bai ma lura ba. In ya ƙware, ka kafa turaka uku, ya ɗauki hula daga wannan ya aza a wancan, ko ka ba shi moɗa da ruwa ya kai ba tare da ya zubar ba. Wannan na ƙarshe shi ke gyara hannu.

Amma ka zaɓi dokin. Tsohon akawal ɗin nan da ya sha hawan fada, ya saba da tambura da bindiga, shi ne na wannan aiki, ba ingarman da ya kwana yana cin dawa a turke ba. Ka fara gwada masa hular da moɗar kafin yaro ya hau. Kada kowa ya tsaya daidai bayansa, don can ba ya gani. Ka duba majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi a cikin doki, sau biyu. Ku fita da sassafe zuwa wuri mai yashi kamar wajen Kwalkwalawa, musamman a watan Afrilu da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, ku dawo kafin hantsi.

In uban yaro ya matsa sai ya ga sukuwa a makon farko, ka turo shi wurina.