Lemun tsami: amsoshin likita ga masu tambaya daga Maradi

Tambayoyin da suka taru a wannan karo kusan duk a kan lemun tsami suke, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Zan fara da wadda ta fi tsaya mini a rai.

Tambaya: Likita, ina da ciki wata biyar. A wurin awo an ce jinina ya yi ƙasa, an ba ni ƙwayoyi. Uwar mijina ta hana ni lemun tsami, ta ce yana tsinka jini kuma yana zubar da ciki. Ni kuwa shi kaɗai ke kwantar mini da tashin zuciya. Daga wata matar aure a unguwar Bagalam.

Amsa: Ƴar uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Ki gaishe mini da Inna, na san kulawa ce ta sa ta faɗi haka. Amma lemun tsamin da ake matsawa a abinci ko a kofin ruwa ba ya zubar da ciki, ba ya kuma tsinka jini. Hasali ma mai irin matsalarki ce ta fi kowa buƙatarsa.

Jiki ba ya iya haɗa jini sai da sinadarin ƙarfe. Wanda ke cikin nama da hanta da kifi, hanji na ɗaukarsa ba wahala. Wanda ke cikin gero da dawa da wake da ganye kuwa, ɗan kaɗan hanji ke tsotsa, sauran ya wuce a banza. To mu nan cimarmu ke nan, gero da wake, nama sai jefi-jefi. Bitamin C da ke cikin lemun tsami shi ke juya wannan ƙarfe na tsirrai ya koma yadda hanji zai iya karɓarsa. Sharaɗin kawai shi ne su tarar da juna a ciki lokaci guda. Saboda haka ki matsa shi a kan shinkafa da wake, ko kwaɗon zogale, ko dambu, bayan an sauke daga wuta, domin zafi na lalata bitamin ɗin.

Abin da ya kamata a yi wa takatsantsan shi ne shayi. Sau da yawa mace za ta zauna gabana tana haki, in ja fatar idonta ta ƙasa in ga ta yi fari maimakon ja, tafin hannu ya koɗe. In na bi diddigi sai in tarar da ta gama cin abinci ake miƙo mata shayi mai kauri. Ganyen shayi na riƙe ƙarfen abinci ya hana hanji ɗauka. Ki bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninsu.

Kada kuma ki ɗauka lemun tsami ne sarkin bitamin C. A giram 100 na ruwansa akwai kamar miligiram 30, alhali giram 100 na gwaba ya haura 200. Gwaba ɗaya ta ishi babba na yini guda. Ƙwayoyin da aka ba ki kuwa ki sha su kullum, babu abin da zai tsaya a madadinsu. In kin ga bayan gidanki ya yi baƙi, aikin ƙwayar ne, kada ki tsorata.

Tambaya: Yarona ɗan shekara huɗu ya kwana biyu da zazzaɓi. Muna dafa masa lemun tsami da ganyen dogon yaro yana sha, jikin ya ɗan yi sanyi da safe, da yamma ya dawo. Mu ci gaba? Daga wani manomi a Jiratawa.

Amsa: Malam, don Allah ka ɗauke shi yau ɗin nan zuwa asibiti mafi kusa a ɗiga jininsa a gwada, cikin kamar minti 20 za a san ko zazzaɓin cizon sauro ne. Saukar da kake gani da safe ba ta lemun ba ce, halin ciwon ne ya lafa ya sake tashi. Lemun tsami ba ya kashe ƙwayar cutar da sauro ke sakawa a jini, ita kuwa cikin kwana biyu ko uku tana iya shanye jinin ƙaramin yaro ko ta taɓa ƙwaƙwalwarsa. In ya fara jijjiga, ko ya kasa shan komai, ko barci ya yi masa nauyi har ana tashinsa da ƙyar, ko tsakar dare ne a fita da shi. Bayan ya fara maganin asibiti, ba laifi a ba shi ruwa da ɗan lemun tsami da sukari don ya ji daɗin sha.

Tambaya: Ina sayar da abinci a bakin tasha. Na ji an ce in aka matsa lemun tsami a ruwa ko a miya yana kashe cutar amai da zawo. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ƙwayar kwalara ba ta jure tsami. A shekarun 1990, lokacin annobar da aka yi a Gini Bisau, masu bincike sun lura cewa waɗanda ke zuba ruwan lemun tsami a miyar shinkafarsu sun fi tsira daga kamuwa da cutar, gwajin da aka yi a kan abincin kuma ya nuna tsamin na hana ƙwayar yaɗuwa. Don haka ki riƙa ajiye wa masu saye yankakken lemu, alheri ne. Sai dai ban yarda ki dogara da shi wajen ruwan sha ba, domin ɗigo biyu ko uku a randa ba su isa komai ba. Ruwa a tafasa shi ko a saka masa Aquatabs, wato ƙwayar tsabtace ruwan sha, hannu a wanke da sabulu, abincin da ya huce a sake ɗumama shi har ya yi tururi. Mun ga abin da kwalara ta yi a Madarunfa da Maradi a 2018, ta kuma dawo a 2021. Wanda zawo mai kama da ruwan shinkafa ya kama, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari ana hanyar asibiti.

Tambaya: Wata uku ke nan ina shan lemun tsami uku a ruwan ɗumi kafin karin kumallo don rage tumbi. Tumbi na nan, ga ƙwannafi, haƙorana kuma sun mutu. Daga wani ɗan kasuwa a unguwar Zariya.

Amsa: Alhaji, ka dakata haka nan. Lemun tsami ba ya narkar da kitse. Wanda ya rame da shi, galibi don ya bar lemun kwalba da shayi mai sukari ne ya koma shan ruwa. Ka rage tuwon dare da soye-soye, ka riƙa tafiyar ƙafa ta minti 30 a yawancin ranakun mako. Haƙoran ne suka fi ba ni tausayi, domin tsamin na cinye farin rufin da ke kansu, in ya tafi kuma ba ya tsirowa. Mai shan lemun tsami ya tsinka shi da ruwa sosai, ya kuskure baki bayan ya sha, kada ya sa buroshi ko asuwaki sai an yi rabin awa. In ƙwannafin ya ƙi tafiya bayan ka daina, ka je a duba ko gyambon ciki ne.

Tambaya: Wai yana tsinka maniyyi?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Wanda aka ci a abinci ba ya isa can da tsaminsa, ba ya kuma rage ƙarfin namiji.

Tambaya: Ƙawata ta ce in shafa shi a fuska yana goge tabon ƙuraje.

Amsa: Ƴata, kada ki yi. A cikin lemun tsami, musamman ɓawonsa, akwai sinadarin da in ya zauna a fata rana ta buge shi sai wurin ya ƙone, wani lokaci har ya yi bororo, ya bar baƙin tabo na watanni. Ranar Maradi kuwa kin san ta. Haka nan matan da ke tsarki da shi don matsi ko hana ɗaukar ciki, su bari. Yana ƙuje fatar cikin gaba, ya buɗe wa cututtuka ƙofa, har da sida, wato ƙanjamau.

Tambaya: An taɓa cire mini tsakuwar ƙoda. Lemun tsami zai hana ta dawowa? Daga wani direba mai bin hanyar Dakwaro.

Amsa: Yana taimakawa, Malam. Sinadarin tsamin da ke cikinsa na hana gishirin fitsari dunƙulewa ya zama tsakuwa. Amma babban aikin na ruwa ne. Ka sha lita biyu da rabi zuwa uku a yini, fiye da haka a watannin Afrilu da Mayu, har fitsarinka ya yi haske. Ka cika gorarka kafin ka tashi mota, ka matsa lemu biyu a ciki ba tare da sukari ba, ka kuma rage gishiri da dunƙulen magi. In ciwon kwiɓi ya dawo tare da zazzaɓi ko jini a fitsari, ka ajiye mota ka nemi asibiti a ranar.