Kp ɗaya ba ta riƙe dare da rana

Ɗana, ka ce da rana ka saita PID, wato na'urar da ke ƙara ko rage gudun famfon da ke zuba kulor, maganin tsabtace ruwan sha, awon kulor ɗin ya kwanta lafiya, amma dare na yi sai ya kama hawa da sauka. Kana tambaya ko na'urar ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Ruwan da ke bi ta tiyo ne ya ragu da dare.

Cokali ɗaya na sukari a butar shayi da a ƙaramin kofi ba ɗaya ba ne. Idan ruwa ya sauko daga mita kubik 400 a awa zuwa 200, ƙarin kulor ɗin nan da ka saba yi zai ɗaga awo ninki biyu. Ga kuma abin da yara ke mantawa: ruwan ya rage gudu, don haka lokacin da yake ɗauka daga wurin zubi zuwa na'urar awo shi ma ya ninka. Na'ura ta ƙara magani, ba ta ga sakamako ba, ta sake ƙarawa, kafin labari ya iso ta zarce. Rawar da kake gani ke nan.

Maganinsa jadawali: kowane matakin ruwa da nasa Kp da Ti, wato lambobin saitin na'urar: Kp ƙarfin gyaran da take yi idan awo ya kauce, Ti kuma lokacin da take ɗauka kafin ta maimaita gyaran idan awo bai dawo ba. Amma kada ka taɓa lamba sai ka duba famfo da bawul. Idan bawul na maƙalewa, ko siginar lantarki ta miliyamfa 4 zuwa 20 da ke haɗa na'urorin na rawa, babu jadawalin da zai gyara maka.

Idan waɗannan lafiya, mayar da na'ura aikin hannu. A ruwa kaɗan, ƙara gudun famfo kamar kashi 5 cikin ɗari, ka zauna da agogo. Rubuta lokacin da awo ya fara motsi, da nawa ya tashi, da lokacin da ya tsaya. Maimaita a ruwa matsakaici da kuma a ruwa mai yawa. Wurare uku sun isa. Mai cika jadawali da layi goma wahala yake tara wa na bayansa. Za ka ga a ruwa kaɗan sai Kp ta koma rabi ko ƙasa da haka, Ti kuma ta ƙara tsawo. Ƙa'idar Ziegler da Nichols ta 1942, ta fitar da Kp da Ti daga irin wannan gwajin, za ta ba ka mafari, sai dai tana da zafin hannu, ni nakan rage abin da ta bayar.

Ɗaura jadawalin a kan awon gudun ruwa, ba a kan awon kulor ɗin da kake bi ba, ka kuma tace siginar don kada lambobi su riƙa tsalle. Tsakanin mataki da mataki, sa otomat, kwamfutar da ke sarrafa injinan, ya lissafa Kp da Ti su sauya a hankali. In tsohuwar na'ura ce mai sauyawa kai tsaye, bar tazara: ta hau mataki idan ruwa ya kai mita kubik 260 a awa, kada ta sauko sai a 240. Ka tabbata kuma famfo bai zabura ba lokacin sauyi.

Nan Yamai, da damina ta kankama kogi yakan yi ja da laka, ruwa ya ƙara cin magani. Ka sake gwajin a watan Agusta, ka rubuta lambobin gwaji biyun a littafin aiki, da kwanan wata.