Tambaya da Amsa: Fatsar Tirawut a Tafki da Ƙwaron da Aka Ɗaura da Hannu

Wasiƙun wannan fitowar duk sun taru a kan fatsar tirawut, kifin ruwan sanyi da ake kamawa a tafkunan Turai da Arewacin Amurka da tsaunukan Kenya da Afirka ta Kudu. A irin wannan fatsa ba a sa tsutsa ko nama a ƙugiya. Gashin tsuntsu da zare da siririyar waya ake ɗaurawa a jikinta har ta yi kama da ƙwaron da kifin yake ci, shi ne muke kira ƙwaron fatsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Me ya sa ake yawan yabon lokacin da hunturu ya janye, wato Maris zuwa Mayu a arewacin duniya? Ba cikin zafi kifi ya fi walwala ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tirawut ya fi cin abinci idan ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin Salshiyas. Da ya haura 20, iskar da ke cikin ruwa takan ragu, sai kifin ya nutse ƙasa ya rage ci. A farkon bazarar ƙasashen sanyi ruwan gefe mara zurfi ne ke fara ɗumi, ƙwari su farka a can, kifin da ya sha yunwar hunturu ya matso bakin gaɓa. Babban abincinsa a lokacin wani ƙwaro ne mai kama da sauro amma ba ya cizo. Tsutsarsa ja ce, tana zaune cikin lakar ƙasan tafki, idan ta girma sai ta taso sama a hankali domin ta fito da fiffike. A wannan tasowar ne kifin yake tsintar ta. Ba dole ka yi sammako ba, daga hantsi zuwa la'asar ne ruwan ya fi ɗumi, ƙwarin kuma suka fi fitowa.

Tambaya: Ina son in fara ɗaura nawa. Me zan tanada, kuma wanne ne ya fi sauƙi?

Amsa: Abin matse ƙugiya, kwarkwaron zare, ƙaramin almakashi mai tsini, baƙin zare siriri mai lamba 8/0, siririyar waya fara ko ja, da man farce mara launi. Ƙugiya kuwa ka tuna lambarta tana tafiya a juye ne: lamba 14 ta fi lamba 10 ƙanƙanta.

Fara da kwaikwayon wancan ƙwaro mai tasowa daga laka, a kan lanƙwasasshiyar ƙugiya lamba 12. Ka kama zaren kimanin milimita 2 bayan idon ƙugiyar, ka ɗaure bakin wayar, ka naɗa zare a kanta layi kusa da layi har ka ɗan shiga lanƙwasar. Dawo da zaren gaba. Naɗa wayar zagaye 5 ko 6 da tazara daidai, ka ɗaure ta, ka murɗa ragowar har ta katse, kada ka lalata almakashinka da ita. A kashi ɗaya cikin huɗu na gaban ƙugiyar ka tara zare ya ɗan yi ƙirji, ka manna guntun zare ruwan lemo a kowane gefe, ka ƙulle da zagaye 4 ko 5. Shafa man farce sau 2 ko 3, kowanne sai ya bushe kafin na gaba. Jikin ya zama siriri ƙwarai. Mai kauri ba ya nutsewa da wuri, kuma ba ya kama da abin da kifin ya sani.

Na biyu shi ne wanda Frank Sawyer, mai kula da kogin Avon a Ingila, ya ƙirƙira da gashin jelar tsuntsun fezan (dangin kaza mai doguwar jela) da wayar tagulla kawai. Silin gashi 4 zuwa 6 sun isa jela da jiki. Na uku mai kama da matsattsaku ne: doguwar ƙugiya lamba 10, jela ta laushin gashin talotalo, jiki baƙi ko kore mai duhu, da gashin wuyan zakara a naɗe a kansa. Da waɗannan uku, kowanne guda 6, akwatinka ya isa yini guda.

Tambaya: Na wuni ina jifa, na canza ƙwaro ya fi sau goma, ko taɓawa babu, alhali na kusa da ni suna kamawa. Ƙwarina ne ba su da kyau?

Amsa: Ɗan'uwa, da wuya laifin ya zama na ƙwaron. Abu biyu ne suka fi hana kamu a tafki: ƙwaron ba ya zurfin da kifin yake, ko kuma ana jan sa da sauri. A kogi ruwa ne ke kawo wa kifi abinci, a tafki kifin ne ke yawo a wani zurfi yana nema, kuma idanunsa sun fi ganin abin da ke gabansa da samansa. Idan ƙwaronka yana ƙasa da shi, zai wuce bai gani ba.

Ka nemi zurfin da ƙirga. Da sanda mai ƙafa 9 zuwa 10, lamba 6 ko 7 (lambar nauyin igiyar da take ɗauka), da igiyar jifa mai tsayawa a saman ruwa, sa zaren gaba, wato siririn zaren da ke haɗa igiyar da ƙwaro, na fulorokabon (wani irin roba mai garau), mai tsawon ƙafa 12 zuwa 15, mai ɗaukar nauyin kilo 3 ko fiye kaɗan. Jefa, ka miƙar da igiyar, ka ƙirga daƙiƙa 10 kafin ka fara ja. Yi haka sau 5. Idan shiru, ƙirga 20, sannan 30, har ka ji taɓawa ko ka fara ɗebo ciyawar ƙasa. Inda ka samu taɓawa, riƙe wannan ƙirgar. Igiyoyi masu nutsewa ana rubuta saurinsu a kwalinsu: mai inci 3 a daƙiƙa za ta kai ƙafa 5 cikin daƙiƙa 20, don haka lissafin ba wuya.

Inda dokar tafkin ta yarda, ɗaura ƙwari 2 ko 3 a zare ɗaya, tazarar ƙafa 4 zuwa 5 tsakaninsu, kowanne a reshe mai tsawon inci 5, mafi nauyi a can ƙarshe. Jifa ɗaya ke nan yana gwada maka zurfi biyu ko uku. Idan na sama kaɗai ake cizo, kifin ya taso, sai ka rage ƙirga.

Batun sauri kuma, ƙwaron laka ba ya iyo, tasowa yake yi yana hutawa. Ka riƙa tattara igiyar cikin tafin hannunka inci ɗaya ko biyu a lokaci guda, iya abin da zai hana ta saki. Idan akwai iska daga gefe, bar ta ta kwashe igiyar ta yi baka, kai dai riƙe. Mai kama da matsattsaku ne kawai ake ja da ɗan fizga, inci 6 sannan a tsaya, kuma sau da yawa a tsayawar ake cizo. Kafin ka ɗaga don sabon jifa, dakata daƙiƙa 5 da ƙwarin a rataye kusa da kai, domin kifi yakan biyo su har nan. Sai ka gama gwada zurfi da kuma saurin ja kafin ka buɗe akwati ka canza ƙwaro.

Tambaya: Ƙwarina suna warwarewa bayan kifi ɗaya, wasu jikinsu yana juyawa a kan ƙugiya.

Amsa: 'Yar'uwa, juyawa tana nufin ba ki shimfiɗa zare a gangar ƙugiyar ba kafin ki ɗora gashi, ƙarfe kuwa santsi gare shi. Warwarewa kuma haƙoran tirawut ne ke yanke gashin fezan ko na zakara. Ki naɗa wayar ta ɓangaren da ya saɓa wa naɗin gashin, ta haye shi ta danne. Ki bar fili bayan ido domin ƙullin ƙarshe, idan man farce ya toshe idon ki zura silin gashi ta ciki tun bai bushe ba.

Tambaya: Ina jin fizga amma ƙugiya ba ta kamawa, wani lokacin kuma zaren ya tsinke.

Amsa: Duba jelar mai kama da matsattsaku. Idan ta fi gangar ƙugiya tsawo sosai, kifin jelar yake ja, ko ta naɗe a lanƙwasa lokacin jifa. Tsinke ta da farce, kada ka yanke da almakashi, yankan yana kashe motsinta. Gwada tsinin a farcenka, idan ya zame ya dakushe. Tsinkewa kuwa yawanci daga ƙulli ne: jiƙa shi kafin ka matse, domin busasshen zare yana ƙonewa da gogayya. Ƙullin da iska ta yi a tsakiyar zare yana rage masa ƙarfi sosai, ka yanke ka sake. Kuma idan an ciza, ɗaga sanda a hankali, ba fizga ba.

Tambaya: Ta wane gefe zan tsaya, kuma yaya zan saki kifi lafiya?

Amsa: Gaɓar da iska ke kaɗawa zuwa gare ta can ruwan sama mai ɗumi da ƙwari ke taruwa. Jifa cikin iska yana da wahala, amma kifin yakan zo kusa. Fara gwada ruwan da ke gabanka kafin ka taka ciki, ka lura da inda tsattsewa ke shawagi ƙasa-ƙasa, alamar ƙwari na fitowa ne. Sa tabarau da hula saboda ƙugiya, da rigar ceto idan kana cikin kwalekwale, ruwan wannan lokaci yana da sanyin da ke ɗauke numfashi. Nemi lasisi da izinin tafkin tun kafin ka je, domin ranar buɗe kamu da adadin kifin da za a ɗauka sun bambanta daga wuri zuwa wuri.

Wajen saki, danne haƙorin ƙugiya, wato ɗan tsinin da ke hana ta fita, da filaya tun a gida. Jiƙa hannunka kafin ka taɓa kifin, bar shi cikin raga a ruwa, kada ka matse cikinsa ko ka sa yatsa a matsefin numfashinsa. Zare ƙugiyar, ka tallafe shi a miƙe cikin ruwa har ya kaɗa jela ya fice da kansa.