Shin Alibert ne ya gano ƙwaron da ke jawo ƙazwa?

Malam, ka tambaya ko Jean-Louis Alibert, likitan fatar nan na Faransa, shi ne ya gano ƙwaron ƙazwa. A'a, ba shi ba ne, amma a gabansa aka tabbatar da zancen.

An haifi Alibert a 1768 a kudancin Faransa, ya rasu a Paris a 1837. A asibitin Saint-Louis ya yi suna, inda yake tara ɗalibai a ƙarƙashin bishiyoyin harabar asibitin, ana kawo marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya yana bayani a kansu. Shi ne ya fara bayyana ciwon dajin fata da ake kira mycosis fungoides a 1806, shi kuma ya raɗa wa tabon nan mai kumbura ya yi tudu sunan keloid. Har likitan sarakunan Faransa biyu ya yi, Louis na 18 da Charles na 10.

Maganar ƙwaron kuwa, tun 1687 Bonomo da Cestoni na Italiya suka siffanta shi, sai dai likitoci suka daɗe suna musu. A 1834 wani ɗalibi ɗan tsibirin Kosika, Simon Renucci, ya sa allura ya zaro ƙwaron daga fatar mara lafiya a asibitin Alibert, yadda ya ga matan garinsu suna yi. Daga nan gardama ta mutu. Ni dai a ganina, matan nan sun fi cancantar yabon.

Tsarin da Alibert ya yi na jera cututtukan fata kamar rassan bishiya bai ɗore ba. Ɗalibinsa Biett ma ya bar shi ya rungumi na Willan, likitan fata Baturen Ingila.