Digiri 95 a Prime95: kada ka yi saurin kashe ta

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce ka sayo laftof ta hannu, ka kunna Prime95, manhajar da ke matsa wa firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) aiki don gwada ta, ko minti biyu ba a yi ba zafi ya kai digiri 95, sai ka kashe don gudun kada ta ƙone. Kwantar da hankalinka. Firosesa na zamani idan ya kai iyakarsa, galibin na Intel digiri 100, Ryzen 7000 na AMD kuma galibi 95 ko 100, da kansa yake rage gudu.

Na daɗe ina gyaran kwamfuta, kuma gudun nan nake sa wa ido fiye da lambar zafi. Buɗe HWiNFO a gefe, manhajar da ke nuna zafi da gudun firosesa. Idan ya tashi da 4 GHz, sai ka ga ya zube zuwa 2 da 'yan kai ya kwanta nan alhali zafi na manne da iyaka, to sanyayawar ce ta gaza.

Prime95 a Small FFTs, ɗaya daga cikin gwaje-gwajensa, azaba ce, aikin yau da kullum ba ya matsa firosesa haka. Asalin Prime95 ma tun 1996 an yi shi ne don farautar manyan lambobin lissafi. Amfaninsa shi ne yana duba amsar da firosesa ya ba shi, in an samu kuskure sai gwajin ya tsaya da gargaɗi. Ni Cinebench, wata manhajar gwajin firosesa, nake fara sawa minti 10, in ta tsallake sai Prime95 na awa ɗaya, caja a jiki, a kan tebur, ba kan katifa ba.

Bayan hunturun bara aka kawo mini wata mai irin wannan ciwo. Da na kwance ta, ƙura ta dunƙule a bakin fanka kamar auduga, man da ake shafa wa firosesa don ya fitar da zafi kuwa ya bushe ya zama ƙanzo. Tsohon burushin haƙori, ɗan sifirit, sabon mai kamar ƙwayar wake, shi ke nan zafi ya sauka da wajen digiri 15.

Kuma kada ka auna taka da ta masu bidiyo a YouTube da ke ɗaki mai AC. Kai da ke gwaji da azahar a watan Afrilu, dole lambarka ta fi tasu.

In kuwa tana kawo shuɗin allo alhali ba ta da zafi, gwada RAM da MemTest86. Turo mana sunan firosesan da hoton HWiNFO bayan minti 10 mu gani.