Yarana sun ga albasa na ruɓewa, suka yi shiru

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, ƙasar Kamaru. Ina sayen albasa a yankin Marwa lokacin da take araha, in ajiye, idan damina ta kama ta yi tsada in tura Yawunde da Duwala. Ina da yara bakwai da direba ɗaya. Bana buhu kusan 40 suka ruɓe min a sito, daga baya na ji ashe yaran sun lura tun mako biyu kafin nan, amma babu wanda ya buɗe baki. Kullum ina gaya musu duk mai magana ya zo ya same ni. Ina laifina yake?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar maka da alheri, ya tsare gaba.

Zan fara da tambayarka, ka amsa wa kanka: karo na ƙarshe da wani yaronka ya kawo maka labari mara daɗi, me ka yi masa? Idan ka daka masa tsawa a gaban 'yan uwansa, ko ka zaftare masa kuɗin wata, to ran nan ka koya wa sauran shida cewa wanda ya fara faɗa shi ke ɗaukar laifi. Yaro ba ya auna maigida da abin da ya ce, fuskarsa yake dubawa.

Ga kuma tarbiyyarmu. An raine mu a kan cewa ƙarami ba ya musu da babba, ba ya ma haɗa ido da shi. Wannan abu ne mai kyau, ba na son mu rasa shi, sai dai a kasuwa yana cin kuɗi. "To Alhaji" a bakin yaro ma'anarsa "na ji", ba "na yarda" ba. Kuma ina kyautata zaton wani ya gaya maka, a kaikaice. Yaro zai tsaya bakin ƙofa yana sosa ƙeya ya ce, "Alhaji, zafin bana kam ya yi yawa," ko "buhunan can na ƙurya sun daɗe ba a juya su ba." Kai kuwa waya na kunne, ana maganar kuɗin mota, ka ɗaga masa hannu. A wurinsa ya riga ya sauke nauyi.

Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa, kuma a sito mai ɗakin shi ne wanda ke shiga da asuba, ya ji warin ya canza, ya danna wuyan albasa ya ji ya yi laushi. Direbanka da ke hawa gangaren dutsen nan kafin a shiga Ngaundere ya fi ka sanin halin birkin motarka. Wannan sani naka ne, kana biyansa duk wata, amma ba ya isowa gare ka.

Kamfanin Toyota na Japan ya gane haka tun tuni. A masana'antarsu an rataye igiya da suke kira andon, ƙaramin ma'aikaci ma yana da izinin jan ta idan ya ga matsala, shugabansa ya taho da sauri, in ta kama a tsayar da aiki a tsayar. Mu ma muna da namu tun kafin nan. Allah ya umarci Annabi (SAW) da yin shawara da sahabbansa a Suratu Ali Imrana, aya ta 159, kuma ramin da ya kare Madina a shekara ta 5 bayan hijira shawarar Salmanul Farisi ce.

Saboda haka kada ka jira su zo, kai ka je. Ka shiga sito da kanka sau biyu a mako, waya a aljihu, ka keɓe da yaro ɗaya, domin a cikin taro ba za ka ji komai ba sai "lafiya lau". Ka daina tambayar "komai daidai?" Ce masa, "Wane buhu ne ka fi jin tsoronsa?" Sai ka yi shiru. Shirun zai yi maka nauyi, ka daure, maganar gaskiya takan fito ne bayan ta farko. In ya gama ka maimaita masa abin da ka fahimta. A Garwa wannan ya zama dole, tunda wataƙila wani cikinsu Fulatanci ko Faransanci ya fi zama a bakinsa; bar shi ya faɗa da harshen da ya iya.

Sauraro ba ya nufin bin kowace shawara, akwai mai kawo tsegumi da sunan nasiha. Amma in ka ƙi, ka faɗi dalili, in ka karɓa aka ci riba, ka ambaci sunan mai ita a gaban kowa, ka ɗan sa masa wani abu ta Orange Money (hanyar tura kuɗi ta waya) ko a hannu.

Game da asarar bana, shawarata kada ka cire ta daga albashinsu. Ka kira wanda ya fi daɗewa tare da kai bayan la'asar, ku biyu kaɗai, ka ce masa, "Ba hukunci na kira ka ba. Ranar da kuka fara jin warin, me ya hana ku gaya min?"