Baƙin taɓo mai wari a mahaɗar kogi da teku: a yashe shi ko a bar shi?

Tambaya: Malam, hankalina a tashe yake. Kifaye na mutuwa a kejinmu da ke mahaɗar kogi da teku, galibi da asuba. Taɓon ƙasan ruwan baƙi ne ƙirin, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wani ɗan kwangila ya ce guba ce, a yashe a tara a gaɓa rana ta busar. Mu yarda?

Amsa: Kada ku yarda, ɗan'uwa, sai an yi gwaji. Mutuwar asuba ta fi nuna ƙarancin oksijin, domin da dare tsirran ruwa ba sa samar da shi, amma komai na ci gaba da shaƙa. Ku auna oksijin ɗin ruwan kafin fitowar rana, a samansa da ƙasansa, saboda ruwan gishiri ya fi nauyi, yakan kwanta a ƙasa ya ƙi gauraya. Miligiram 5 a lita ake so. Idan ya gaza 2, kifi na cikin haɗari.

Maganar yasar nan ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum sai an sami mai injin haƙa da zai ce baƙi da wari shaidar gurɓata ce. Ba lallai ba ne. Inda babu iska a cikin laka, bakteriya kan yi amfani da sinadarin salfet na ruwan teku su fitar da iskar nan mai wari, ita kuma ta haɗu da ƙarfe ta baƙanta taɓon. Haka taɓon ruwan zartsi yake ko da ba masana'anta ko ɗaya a kusa. A hankali wani ɓangare ya zama ma'adinin fayirait. Muddin yana nutse, lafiya lau. Ranar da aka tono shi ya sha iska, sai ya koma asid: tan 1 na fayirait na iya ba da kusan tan 1.6 na salfurik asid. Ruwan sama na farko zai wanko shi zuwa inda kejinku yake, pH (ma'aunin tsamin ruwa, wanda ke sauka idan asid ya ƙaru) ya faɗi ƙasa da 4, alminiyam ya narke ya lalata wurin numfashin kifi. Ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam da lakar ta ɗaure shekara da shekaru su ma su kuɓuce. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ku kuwa tulin zai yi shekaru yana tsiyayar asid. Abin takaici, akwai ofisoshin da ke sa hannu a takardar yasa ba tare da sun nemi sakamakon gwaji ko ɗaya ba.

Ku kafa bututun roba ku ciro samfur har zurfin da ake son haƙawa. A zuba a leda, a matse iskar, a ɗaure, a sa a ƙanƙara nan take. A gwada pH, sannan masani ya ɗiga sinadarin haidurojin faroksaid mai ƙarfin kashi 30 cikin 100 ya sake gwadawa. In ya tafarfasa, pH ya sauka ƙasa da 3, a kai ɗakin gwaji a ƙididdige farar ƙasar da za ta kashe asid ɗin. Tabon rawaya mai launin kara a busasshen taɓo, ko malalar tsatsa a gaɓa, alama ce asid ya riga ya fara fita.

Kafin sakamako ya fito, ku rage abincin kifin, ku kunna injin iska daga tsakar dare zuwa hantsi, ku matsar da kejin inda ruwa ke gudu sosai.